Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni: Tallafin Gwamnatin Amurka ga Ƙungiyoyin Raya Kasuwancin Tsiraru

1.0 Gabatarwa

A ranar 14 ga watan Maris na shekarar 2025, Shugaban Amurka Donald Trump ya sanya hannu a kan wani umarni da ya ambaci hukumomin gwamnatin tarayya guda bakwai, ya ce a rage ayyukansu da ma'aikatansu zuwa iyakar abin da doka ta tilasta. Masu sauraren rediyo a ƙasar Hausa sun ji tasirin umarnin nan take, domin ɗaya daga cikin hukumomin ita ce mai kula da Muryar Amurka, kuma cikin 'yan kwanaki Sashen Hausa na gidan rediyon ya yi shiru. Abin da yawancin masu sauraro ba su ji labarinsa ba shi ne, a cikin jerin akwai wasu hukumomi biyu waɗanda aikinsu shi ne ba da kuɗi ga ƙungiyoyin da ke taimaka wa ƙananan 'yan kasuwa daga cikin tsirarun al'ummomin ƙasar. Ta farko ita ce Hukumar Raya Kasuwancin Tsiraru, wadda ake kira MBDA a taƙaice. Ta biyu kuwa ita ce Asusun Cibiyoyin Kuɗi na Raya Al'umma, wato Asusun CDFI.

Wannan umarni ya farfaɗo da wata tsohuwar muhawara a Amurka: shin ya halatta gwamnati ta ɗauki kuɗin harajin kowa da kowa ta miƙa wa ƙungiyoyi masu zaman kansu domin su tallafa wa kasuwancin wani ɓangare na jama'a? Matsayin wannan maƙala shi ne ya halatta, kuma akwai buƙatarsa. Sai dai abin da ya faru a 2025 ya nuna cewa yadda ake ba da kuɗin yana da muhimmanci kamar ba da shi. Tallafin da ya zo a matsayin jari mai juyawa, aka kuma auna masu cin gajiyarsa da ma'aunin buƙata, shi ne yake rayuwa bayan gwamnatin da ta ba da shi ta shuɗe.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kalmar "tsiraru" a siyasar Amurka tana nufin al'ummomin da ba su ne mafi rinjaye a ƙasar ba, musamman baƙaƙen fata, da 'yan asalin Latin Amurka, da 'yan asalin Asiya, da kuma ƙabilun da suke zaune a ƙasar tun kafin zuwan Turawa. Ana cewa kasuwanci na tsiraru ne idan mutum ko mutane daga cikin waɗannan al'ummomi suka mallaki akasarin hannun jarinsa, kuma su ne suke gudanar da shi.

Ƙungiya mara neman riba kuwa ita ce wadda aka yi wa rajista domin wata hidima ta jama'a. Tana iya samun rarar kuɗi a ƙarshen shekara, amma doka ta hana shugabanninta raba rarar a tsakaninsu, dole a mayar da ita cikin aikin. Ƙungiyoyin da ake magana a kansu a nan iri biyu ne. Wasu shawara suke bayarwa: su koya wa ɗan kasuwa rubuta tsarin kasuwanci da ajiye lissafi da cike takardun neman kwangila. Wasu kuma rance suke bayarwa ga wanda manyan bankuna suka juya wa baya. Wannan bambanci zai sake tasowa a gaba, domin a kansa hujjar maƙalar ta doru.

3.0 Asalin Matsalar

Hausawa kan ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Banki ba ya ba da rance sai ya ga jingina, kuma jinginar yawancin ƙananan 'yan kasuwa a Amurka ita ce gidan da suke zaune a ciki ko ajiyar da suka gada. Saboda haka wanda kakanninsa suka rasa damar tara dukiya zai shiga kasuwa hannu rabbana, ko da ya fi maƙwabcinsa basira da ƙwazo. Tarihin baƙaƙen fatar Amurka cike yake da misalan yadda aka toshe musu wannan dama, kuma guda uku sun isa hujja.

Na farko shi ne Bankin Ajiya na 'Yantattun Bayi, wanda Majalisar Dokokin Amurka ta kafa a 1865, Shugaba Abraham Lincoln ya sa wa dokarsa hannu. Dubban bayin da aka 'yanta sun zuba ɗan abin da suka samu a cikinsa bisa zaton gwamnati ce ke tsaye a bayansa. Amintattun bankin, waɗanda galibinsu fararen fata ne, suka riƙa ba da kuɗin rance ga abokansu ba tare da jingina mai ƙarfi ba. A 1874 bankin ya durƙushe, masu ajiya kimanin 61,000 suka shiga asarar da ta kusa dala miliyan 3. Shahararren ɗan gwagwarmayar nan Frederick Douglass, wanda aka naɗa shugaban bankin ana dab da rufe shi, bai iya ceto shi ba.

Na biyu shi ne abin da ya auku a birnin Tulsa na jihar Oklahoma a ranakun 31 ga Mayu da 1 ga Yuni na 1921, lokacin da gungun fararen fata suka ƙone unguwar Greenwood, wadda ta shahara da shaguna da otal-otal da ofisoshin likitoci na baƙaƙen fata. Gidaje fiye da 1,000 suka ƙone, kuma kamfanonin inshora suka ƙi biyan diyya.

Na uku, wanda ya fi sauran daɗewa da faɗi, shi ne tsarin jan layi. A shekarun 1930 wata hukumar lamunin gidaje ta gwamnatin tarayya ta zana taswirorin birane, ta shafa jan launi a kan unguwannin da ta ce ba da rance a cikinsu haɗari ne, kuma galibin unguwannin baƙaƙen fata sun faɗa cikin wannan rukuni. Shekaru da dama bankuna suna ƙaurace wa irin waɗannan unguwanni. Sai a 1968 aka yi dokar hana wariya a harkar gidaje, a 1977 kuma aka yi wadda ta wajabta wa bankuna hidimta wa unguwannin da suke karɓar ajiya daga cikinsu.

Doka ta hana wariyar, amma ba ta mayar da dukiyar da aka rasa ba. Binciken Babban Bankin Amurka na 2022 ya nuna cewa matsakaicin gidan fararen fata ya mallaki dukiyar kimanin dala 285,000, na 'yan asalin Latin Amurka kimanin dala 61,600, na baƙaƙen fata kuwa kimanin dala 44,900. Haka kuma baƙaƙen fata sun haura kashi 13 cikin 100 na jama'ar ƙasar, amma kamfanoninsu masu ɗaukar ma'aikata ba su wuce kimanin kashi 3 cikin 100 ba. Da yake da hannun gwamnati a cikin haƙa wannan rami, ba za ta ce cike shi ba aikinta ba ne.

4.0 Hanyoyi Biyu na Tallafi

Hanya ta farko ta samo asali ne a watan Maris na 1969, lokacin da Shugaba Richard Nixon, ɗan jam'iyyar Republican, ya kafa ofishin kula da kasuwancin tsiraru a Ma'aikatar Kasuwanci. Ƙasar ta fito ne daga tarzomar birane da ta biyo bayan kisan Martin Luther King a 1968, kuma Nixon yana ganin mallakar kasuwanci za ta ba baƙaƙen fata rabo a cikin tattalin arziki. A 1979 ofishin ya koma hukumar MBDA. Hukumar ba ta ba ɗan kasuwa kuɗi a hannu. Abin da take yi shi ne ta biya ƙungiyoyi da jami'o'i su buɗe cibiyoyin ba da shawara a birane, inda za a taimaka masa ya nemi rance ko kwangila. Kuɗin yana tafiya ne a albashin ma'aikata da hayar ofis da shirya tarukan horo. Fiye da shekara hamsin hukumar tana tsaye a kan umarnin shugaban ƙasa kawai, sai a watan Nuwamba na 2021 Majalisa ta ba ta gindin zama a cikin doka, Shugaba Joe Biden ya sa hannu.

Hanya ta biyu ta taso ne daga unguwanni kafin gwamnati ta shigo. A 1973 wasu mutane suka sayi wani banki a kudancin birnin Shikago da nufin ba da rance a unguwar da sauran bankuna suke gudu, wanda daga baya aka san shi da ShoreBank. A 1980 aka kafa ƙungiyar Self-Help a birnin Durham na jihar Carolina ta Arewa. A 1986 aka kafa Asusun Lakota a yankin Pine Ridge na ƙabilar Lakota. Ganin nasarar irin waɗannan ne ya sa Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan dokar 1994 wadda ta kafa Asusun CDFI a ƙarƙashin Ma'aikatar Baitulmali. A wannan shekarar ce kuma aka kafa ƙungiyar da a yau ake kira Hope a birnin Jackson na jihar Mississippi, wadda take aiki a yankunan da suke cikin mafi talauci a kudancin ƙasar.

Tsarin Asusun ya sha bamban da na MBDA ta fuska uku. Da farko, babban kason abin da yake bayarwa jari ne da cibiya za ta ba da shi rance, a biya ta, ta sake ba wani. Na biyu, bisa ƙa'ida sai cibiya ta samo dala guda daga wata majiya da ba ta gwamnatin tarayya ba kafin a ba ta dala guda, ko da yake akan ɗauke wa wasu ƙananan cibiyoyi wannan sharaɗi. Na uku, sai cibiya ta tabbatar da cewa aƙalla kashi 60 cikin 100 na harkar rancenta yana zuwa ga al'ummar da ta yi alƙawarin yi wa hidima. Cibiyoyin da suka samu wannan shaida sun kai kimanin 1,400. Wasunsu bankuna ne, wasu ƙungiyoyin gama-kai na ajiya da rance, wasu kuma asusun rance ne marasa neman riba.

5.0 Dalilin Bi ta Hannun Ƙungiyoyi

Mai tambaya zai iya cewa, in dai taimakon ɗan kasuwa ake nufi, me ya hana gwamnati ta ba shi kai tsaye, ko ta bi ta manyan bankuna? Amsar tana cikin karin maganar nan da ke cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Babban banki yana auna mai neman rance da alƙaluman kwamfuta: jinginarsa nawa, tarihin bashinsa yaya. Bugu da ƙari, wahalar tantance rancen dala 20,000 ba ta da nisa da ta rancen dala miliyan guda, alhali ribar ba ɗaya ba ce, don haka ƙaramin rance ba ya burge shi. Ƙungiyar unguwa kuwa tana da wani ilimi da kwamfuta ba ta da shi. Ta san mai aski ko mai gidan abincin da ke neman rancen, ta san shekarun da ya yi yana biyan haya ba fashi, kuma tana iya zama da shi ta gyara masa lissafi kafin ta ba shi kuɗi.

Wanda ya san tarihin fataucin Hausawa ba zai ga wannan baƙon abu ba. Bahaushen da ya kai shanu Ibadan ko ya je sarin goro a Kumasi shi ma ɗan tsiraru ne a can, ba shi da gida ko gona da zai jinginar. Maigidan da ya sauke shi a Sabo ko a Zango shi ne yake tsaya masa, ya haɗa shi da masu saye, ya lamunci bashin da ke tsakani, domin ya san ɓangarorin biyu. Irin wannan gurbi ne ƙungiyoyin raya kasuwanci suke cikewa a Amurka. Hasali ma fataken Afirka ta Yamma da ke can sun ɗanɗana amfanin mai tsayawa. A watan Oktoba na 1994 magajin garin Niyok, Rudolph Giuliani, ya kori masu kasa kaya daga titi na 125 a unguwar Harlem, cikinsu har da Hausawa da Zabarmawa 'yan Nijar. Masallacin Malcolm Shabazz ne ya shiga tsakani, aka buɗe musu kasuwa a titi na 116 a ƙarƙashin kulawarsa. Da yawansu sun koka da ƙarancin masu saye a sabon wurin, amma sun samu rumfa da izinin ciniki, abin da ɗan kasuwa ɗaya ba zai iya karɓowa daga hukuma shi kaɗai ba.

Annobar korona ta 2020 ce ta gwada wannan hujja a fili. Binciken masanin tattalin arziki Robert Fairlie ya nuna cewa tsakanin Fabrairu da Afrilu na shekarar yawan baƙaƙen fata masu gudanar da kasuwanci ya ragu da kashi 41 cikin 100, na fararen fata kuwa da kashi 17. Majalisa ta ware dala biliyan 349 domin ƙananan kamfanoni su ci gaba da biyan albashi, aka ce a nema ta bankuna. An buɗe shirin a ranar 3 ga Afrilu, kuɗin ya ƙare a ranar 16 ga watan. Bankuna suka fara da tsofaffin abokan cinikinsu, har kamfanin abinci na Shake Shack ya samu dala miliyan 10, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Los Angeles Lakers ta samu dala miliyan 4.6, ko da yake dukansu sun mayar bayan jama'a sun yi ca. Mai ƙaramin shagon da ba shi da wani manaja da ya san shi a banki ya tashi a tutar babu. Da gwamnati ta ga haka, sai ta keɓe dala biliyan 10 domin cibiyoyin CDFI su raba, kuma a watan Disamba na shekarar Majalisa ta ware musu dala biliyan 12 tare da bankunan tsiraru. Shugaba Trump ne ya sa hannu a kan wannan doka a wa'adinsa na farko. Ke nan lokacin da gwamnati ta so kuɗinta ya kai ga na ƙasa, ta hannun waɗannan cibiyoyi ta bi.

6.0 Hujjojin Masu Suka

Adalci ne a saurari masu suka, domin wasu hujjojinsu suna da nauyi. Hujja ta farko ita ce, tsarin mulkin Amurka ya yi alƙawarin daidaita kowa a gaban doka, don haka bai kamata gwamnati ta duba launin fatar mutum kafin ta taimake shi ba. Kotuna sun daɗe suna karkata ga wannan fahimta. A 1989 Kotun Ƙoli ta soke tsarin birnin Richmond na keɓe kashi 30 cikin 100 na kwangilolin gine-gine ga tsiraru. A 1995 ta ɗora irin wannan ma'auni mai tsauri a kan gwamnatin tarayya. A watan Yuni na 2023 ta haramta duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a jami'o'i. A watan Maris na 2024 kuma wani alƙalin tarayya a jihar Texas, Mark Pittman, ya yanke hukunci cewa MBDA ba ta da hurumin ɗaukar mutum a matsayin wanda aka tauye saboda jinsinsa kawai, ya umarce ta ta buɗe ƙofa ga kowa.

Mai goyon bayan tallafi zai iya jin zafin waɗannan hukunce-hukunce, ganin cewa da launin fata aka yi zaluncin tun farko. Amma shirin da kotu za ta rushe ba ya amfanar kowa. Mafita ita ce a auna mutum da abin da za a iya tabbatarwa: unguwar da kasuwancinsa yake, ƙarancin samunsa, rashin jinginarsa, da shaidar cewa banki ya hana shi rance. Da yake tarihi ya tara tsiraru a cikin waɗannan rukunoni, su ne za su fi cin gajiya ko da ba a ambaci launi ba. Gaskiya ne wannan ma'auni zai bar wani a baya, kamar baƙar fata mai hali wanda banki ya wulaƙanta saboda fatarsa. Maganin wannan yana wurin dokar daidaita damar rance ta 1974, wadda aka faɗaɗa a 1976 ta haɗa da launin fata, in har za a zartar da ita da gaske.

Hujja ta biyu ita ce almundahana. Masu suka kan kawo misalin kamfanin Wedtech na unguwar Bronx a Niyok, wanda a shekarun 1980 ya samu kwangilolin soja na miliyoyin daloli ba tare da takara ba, da sunan kamfanin tsiraru ne, alhali akasarin mallakarsa ya riga ya koma hannun waɗanda ba tsiraru ba. An yi ta ba da cin hanci, har aka samu ɗan Majalisa Mario Biaggi da laifi a 1988. Abin ya faru, babu musu. Sai dai a lura cewa ɓarnar ta auku ne inda jami'i ɗaya yake da ikon miƙa babbar kwangila ga wanda ya sanya wata riga. Asusun rance da ke ba mai shago dala 30,000, wanda dole ya biya, ba shi da irin wannan romo da zai jawo ƙudaje. Darasin Wedtech shi ne a tsananta binciken kuɗi, a kuma tabbatar da wanda ya mallaki kamfani a zahiri.

Hujja ta uku ita ce a bar kasuwa ta yi halinta, wanda ya cancanta zai samu rance. Wannan magana za ta yi daidai da a ce kowa daga wuri ɗaya ya tashi. Alƙaluman da aka kawo a sama sun nuna akasin haka. Kuma su kansu cibiyoyin ba su fi ƙarfin hukuncin kasuwa ba: ShoreBank, duk da sunan da ya yi, an rufe shi a watan Agusta na 2010 bayan rikicin kuɗi na 2008 ya karya masu bashinsa. Wannan ya nuna cewa rancen da suke bayarwa rance ne na gaske mai haɗari, wanda ake sa ran a biya.

7.0 Darasin Shekarar 2025

Hujja ta huɗu ita ce mafi ƙarfi, kuma ba daga bakin masu suka ta fito ba, abin da ya faru ne ya bayyana ta. Bayan umarnin Maris na 2025, an dakatar da kusan dukkan ma'aikatan MBDA, aka aika wa cibiyoyin ba da shawara takardun yanke tallafi. Dokar 2021 ba ta hana hakan faruwa ba. Jihohi 21 suka kai ƙara, kuma a watan Mayu na shekarar alƙalin tarayya John McConnell na jihar Rhode Island ya ba da umarnin a dakatar da rushe hukumar. To amma cibiyar da ba ta da kuɗin albashi na wata biyu ba ta iya riƙe ma'aikatanta har kotu ta gama zama. Ɗan kasuwar da aka fara haɗa wa takardun kwangila shi ne ya fara jin jiki.

Cibiyoyin CDFI su ma sun girgiza, domin sabon tallafin da suke sa rai ya shiga rashin tabbas. Amma jarin da aka ba su a shekarun baya yana hannunsu, yana fita rance yana dawowa, kuma ɗan kuɗin ruwan da yake kawowa yana biyan wani ɓangare na albashi. Umarnin shugaban ƙasa yana iya tsayar da abin da ba a bayar ba tukuna, amma ba ya ƙwato rancen da ke hannun mai gidan burodi a Jackson. Daɗin daɗawa, Asusun ya samu masu kare shi daga jam'iyyun biyu, irin su Sanata Mark Warner na Democrat da Sanata Mike Crapo na Republican. Dalilin a bayyane yake: Asusun ya tanadi ma'aunin wuri da na ƙarancin samu, don haka yana aiki a unguwannin baƙaƙen fata, yana kuma aiki a ƙauyukan fararen fata matalauta na duwatsun Kentucky. Shirin da mazaɓu da yawa suke cin gajiyarsa yana da masu tsaya masa da yawa.

Wannan shi ne ma'anar karin maganar da aka yi wa maƙalar take da ita. Ƙungiyar da ke jiran kasafin kowace shekara kamar mai aron gatari ce, duk ranar da mai shi ya ce a ba shi abinsa, sara ya tsaya. Wadda aka ba jari kuwa gatarin ya zama nata, ko da guntu ne.

8.0 Abin da Ya Kamata

Bisa ga abin da ya gabata, tallafin gwamnati ga waɗannan ƙungiyoyi zai fi inganci idan ya cika sharuɗɗa huɗu. Na farko, babban kasonsa ya zama jarin rance mai juyawa. Na biyu, da yake aikin ba da shawara ba ya dawo da kuɗi, kuma rance ba tare da horo ba yakan zama nauyi a kan mai karɓa, a haɗa cibiyoyin shawara da asusun rance a inuwa guda, a kuma ba su tallafin shekaru da dama a dunƙule maimakon na shekara-shekara. Na uku, a auna mai cin gajiya da buƙatar da za a iya tabbatarwa a gaban kotu. Na huɗu, kowace ƙungiya ta riƙa bayyana wa jama'a rancen da ta bayar, da nawa aka biya, da yawan kasuwancin da suka rayu bayan shekara uku ko biyar, domin yawan tarukan horo ba shi ne ma'aunin nasara ba.

Su ma ƙungiyoyin akwai aiki a kansu. Wadda duk kuɗinta daga Washinton yake fitowa ta miƙa wuyanta ga sakamakon zaɓe. Wajibi ne ta nemi ajiyar jama'ar unguwa, da gudummawar gidauniyoyi, da jarin bankunan da dokar 1977 ta ɗora wa nauyin hidimta wa unguwanni, domin idan ƙafa ɗaya ta karye sauran su riƙe ta.

9.0 Kammalawa

An ga yadda giɓin dukiya tsakanin al'ummomin Amurka ya samo asali daga abubuwan da gwamnati ta aikata ko ta zura wa ido, da yadda wannan giɓi yake hana ɗan kasuwar tsiraru samun rance. An ga kuma cewa ƙungiyoyin unguwa suna kaiwa inda manyan bankuna ba sa kaiwa, kamar yadda annobar 2020 ta tabbatar. Saboda haka janye musu tallafi baki ɗaya kuskure ne, kuma mai ƙaramin shago ne yake biyan kuɗin kuskuren. Amma masu kare tallafin su ma ya kamata su karɓi darasin 2025. Daga Nixon zuwa Trump gwamnatoci sun zo sun wuce, kowace da irin ra'ayinta, kuma wata za ta sake zuwa. Abin da ya rage a hannun al'umma bayan kowane sauyi shi ne jarin da aka riga aka damƙa mata, wanda take juyawa da kanta.